Kada a Yi Garajen Raba Manomi da Ƙoƙon Gwiwarsa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar rani, da zarar ya wuce Kura zai ga ƙasa ta sauya kama. Ko'ina a bushe yake, amma nan kore ne shar, albarkacin ruwan madatsar Tiga da aka kammala a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ake korowa ta manyan magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Idan matafiyi ya tsaya ya dubi mutanen da ke cikin gonakin nan da kyau, zai lura da wani abu guda: da wuya ya ga wanda yake tsaye cak. Mai dashen shinkafa a sunkuye yake, mai tsinkar tumatir a tsugune, mai ban ruwa ya durƙusa a bakin magudana, shi kuwa ɗan dako yana yunƙurin miƙewa da kwando a ka. Duk nauyin wannan aiki gwiwa ce ke ɗauke da shi. A gaban gwiwar kuma akwai wani ɗan ƙashi, faɗinsa kimanin santimita 4 zuwa 5, wanda Hausawa ke kira ƙoƙon gwiwa.

Idan wannan ƙashi ya farfashe, likitocin ƙashi suna iya cire shi baki ɗaya, mutum ya warke ya ci gaba da tafiya. A yau ma har sun san dabarun sake gina shi bayan an cire. Jin haka sai mutum ya ɗauka cewa rasa ƙoƙon gwiwa ba wata babbar asara ba ce, tun da ana rayuwa ba shi, kuma ana samun madadinsa. Wannan zato kuskure ne, kuma kuskuren ya fi tsada ga manomin rani fiye da ma'aikacin ofis. Abin da aka sake ginawa bai taɓa kai na asali ba. Saboda haka inda ya dace a kashe ƙarfi da kuɗi shi ne kwanakin farko bayan rauni, lokacin da ake iya ceto ƙashin.

Kafin a gane dalili, sai an san aikin da ƙoƙon yake yi. Babbar tsokar da ke gaban cinya, mai rassa huɗu, ita ce ke miƙar da ƙafa. Rassan nan suna haɗuwa su zama jijiya guda mai kauri, irin ta agara, ba jijiyar jini ba, wadda ke saukowa ta haye gaban gwiwa ta kama ƙashin ƙwauri. A cikin wannan jijiya ƙoƙon gwiwa yake zaune, kamar ƙwallo a cikin dabino. Jariri da guringuntsi ake haihuwarsa a wurin, sai tsakanin shekara 3 zuwa 6 ne yake fara zama ƙashi. Aikinsa shi ne ya ɗaga jijiyar, ya nisanta ta daga tsakiyar gaɓa, yadda ɗan itacen da ke ƙarƙashin tsirkiyar gurmi ke ɗaga ta daga jikin fata.

Mene ne amfanin wannan ɗan nisa? Ɗalibin da ya taɓa ganin makanike yana zura bututu a hannun sifana don kwance ƙusar da ta ƙi kwantuwa, ya riga ya san amsa. Ƙarfin hannun makaniken bai ƙaru ba, nisan hannunsa daga ƙusar ne ya ƙaru, sai aikin ya yi sauƙi. Haka kuma tsofaffin masu lambu da suka yi ban ruwa da jigo kafin zuwan inji sun san cewa gurbin da aka ɗaura sandar a kan gwafa shi ke nuna ko guga zai yi nauyi ko zai yi sauƙi. Ƙoƙon gwiwa shi ne bututun da aka ƙara wa sifanar cinya. In aka zare shi, jijiyar sai ta faɗa cikin kwarin ƙashin cinya, tsoka kuma dole ta ƙara ja kafin ta yi aikin da ta saba yi.

Nauyin da ke bi ta wannan wuri ba kaɗan ba ne. A shekarar 1972 wasu masana biyu, Reilly da Martens, sun lissafa matsin da ke tsakanin ƙoƙon gwiwa da ƙashin cinya. A tafiyar yau da kullum sun sami kimanin rabin nauyin jiki. A hawan matakala ya haura ninki uku. A tsuguno mai zurfi kuwa ya wuce ninki bakwai. Wato mutum mai kilo 60, in ya tsuguna yana tsinkar tumatir, bayan ƙoƙon gwiwarsa na iya ɗaukar matsin da ya fi kilo 400, nauyin buhu huɗu masu kilo ɗari ɗari. Shi ya sa guringuntsin da ke shimfiɗe a bayan ƙoƙon yake cikin mafi kauri a jikin ɗan Adam, yana kai milimita 5 ko fiye.

Tarihin yadda likitoci suka ɗauki wannan ƙashi darasi ne mai kyau ga duk mai koyon kimiyya. A da, buɗe gwiwa da wuƙa tamkar sa hannu a takardar mutuwa ne, domin ƙwayoyin cuta kan shiga gaɓa ta ruɓe. A watan Oktoba na shekarar 1877, Joseph Lister ya buɗe gwiwar wani majinyaci a asibitin King's College da ke Landan, ya ɗinke karyayyen ƙoƙon da wayar azurfa, yana kashe ƙwayoyin cuta da ruwan kabolik. Mutumin ya warke ya taka ƙafarsa. Shekaru sittin bayan haka, a 1937, wani likitan Ingila mai suna Ralph Brooke ya fito da ra'ayin da ya juya al'amarin. Ya ce ƙoƙon gwiwa gado ne kawai da jiki ya taho da shi, ba shi da wani amfani, gara ma a cire shi idan ya karye. Har ya kafa hujja da dabbobi, yana nuni da kangaru, dabbar Ostireliya mai tsananin tsalle, wadda ba ta da ƙoƙon gwiwa na ƙashi. Majinyatansa sun tashi da wuri, sun koma aiki, manyan likitoci suka yi na'am. Daga nan cire ƙoƙon gwiwa ya zama ruwan dare na tsawon shekaru.

Brooke ba maƙaryaci ba ne, kuma ba jahili ba. Abin da ya gani gaskiya ne: mutane sun yi tafiya. Kuskurensa shi ne ma'aunin da ya ɗauka da kuma gajeren lokacin da ya duba. Ba a daɗe ba gyara ya fara zuwa. A 1942 Bruce da Walmsley suka cire ƙoƙon gwiwar zomaye, suka ga guringuntsin ƙashin cinya yana lalacewa daga baya. A 1945 Haxton ya nuna cewa ƙoƙon yana ƙara wa tsokar cinya inganci. Sannan a 1971 Herbert Kaufer na ƙasar Amurka ya auna abin a gwiwoyin gawarwaki, ya tarar cewa bayan cirewa, tsoka na iya buƙatar ƙarin ƙarfi har kashi 30 cikin ɗari kafin ta miƙar da ƙafa sosai. Da aka bi majinyata shekara da shekaru, sai aka ga cinyarsu ta rame, gwiwa tana sullewa wajen saukowa daga tudu, wasu kuma ƙafar ba ta ƙarasa miƙewa.

A nan ne batun ya shafi Kadawa kai tsaye. Mafi yawan ma'aunan da ake auna nasarar aikin gwiwa da su an tsara su ne a ƙasashen da ake zama a kujera, a ci abinci a tebur, a kwana a gado mai tsawo. Tambayoyinsu su ne: yana tafiya? Yana hawa bene? Yana tashi daga kujera? Manomin Bunkure zai iya cin wannan jarrabawa duka, amma ya kasa komawa fangalinsa. Shi tsuguno ne aikinsa, tsuguno ne bayan gidansa, a tabarma yake cin abinci, kuma sau biyar a rana yana kai gwiwa ƙasa a sujada da zaman tahiya. Mai durƙusawa ba ƙoƙo, kan ƙashin cinyarsa ba shi da garkuwa sai fata da jijiya. Likitan da zai yanke shawara a kan gwiwar irin wannan mutum, ya kamata tambayarsa ta farko ta zama: shin zai iya tsugunawa ya tashi da kaya a kansa?

To, in an riga an cire, me ake iya yi? Gaskiya likitoci sun yi ƙoƙari, kuma ƙoƙarin abin yabo ne. Wasu sun mai da hankali ga ƙarfafa jijiyar tun a ranar cirewa. A 1996 Günal da abokan aikinsa a ƙasar Turkiyya suka bayar da rahoton cewa idan aka jawo reshen tsokar cinya na ɓangaren ciki aka ɗinke shi a kan gurbin ƙoƙon, sakamakon ya fi na cirewa kawai. Wasu kuma sabon ƙoƙo suka nema. A 1991 Frederick Buechel na Amurka ya bayyana yadda ya yanko ƙashi daga bakin ƙugun majinyaci, ya sassaƙa shi, ya cusa shi cikin jijiyar a gurbin da ƙoƙo yake a da. Bayansa wasu sun yi amfani da guntun ƙashin da ake yankewa daga ƙwauri ko cinya yayin sa gwiwar ƙarfe. Akwai kuma dasa ƙoƙon mamaci tare da jijiyarsa, wanda sai da ma'ajiyar ƙashi mai sanyi da binciken cututtuka yake yiwuwa. An gwada har da ƙoƙon ƙarfen tantalam mai ƙofofi kamar soso, ƙarfen da ake samu daga ma'adinin tantalait irin wanda ake haƙowa a Jihar Nasarawa. Inda jijiyar kanta ta tsinke ko ta lalace, likitocin asibitin Mayo na Amurka sun bayyana a 2011 yadda ake ƙarfafa ta da ragar roba.

Mai karanta wannan jeri zai iya jin hankalinsa ya kwanta. Amma ya kamata ya dubi abin da ke ƙarƙashinsa. Da farko dai, yawancin waɗannan rahotanni a kan majinyata 'yan ƙalilan aka yi su, kuma akasari tsofaffi ne da ake sa wa gwiwar ƙarfe saboda amosanin gaɓɓai, ba matasa masu ɗaukar buhu ba. Na biyu, ƙashin da aka dasa ba ya zuwa da jijiyoyin jininsa, don haka yana iya narkewa sannu a hankali, ko ya tsage, ko ya gusa daga wurinsa, kuma ba shi da wancan guringuntsi mai kauri da ke sa ƙoƙon asali zamewa ba tare da gurzawa ba. Labarin tantalam ya fi duka faɗakarwa: inda aka bar ragowar ƙashin majinyaci ya kan kama da kyau, inda kuwa ba a bar komai ba sai jijiya zalla, galibi sai ya yi sako-sako ya gusa. Ke nan ko aikin gyaran ma, ragowar ƙoƙon asali yake nema ya jingina da shi.

Sai kuma kuɗi. A Nijeriya sama da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga, amma ɗan ƙwadago da ake biya kullum a gonar wani ya san nisan da ke tsakanin doka da aljihunsa. Tiyata ta biyu, ga wanda ta farko ta riga ta cinye masa amfanin shekara, magana ce ta fatar baki.

Abin farin ciki shi ne, hanyar ceto ƙoƙon ba ta da wannan tsada. Idan ƙashin ya tsage amma gutsattsarin ba su rabu da fiye da milimita 2 ko 3 ba, kuma mutum yana iya miƙar da ƙafarsa, ɗaurin filasta na mako huɗu zuwa shida yakan wadatar. Idan sun rabu, akwai dabarar da ƙungiyar likitocin ƙashi ta AO, wadda aka kafa a ƙasar Suwizalan a 1958, ta yaɗa a duniya: a zura siraran ƙarafa biyu ta cikin gutsattsarin, a naɗa musu waya a gaba mai siffar lamba 8. Hikimar ita ce wayar ta tare jan da tsoka ke yi a gaban ƙashin, yadda lanƙwasa gwiwa zai riƙa matse karayar maimakon buɗe ta. Kayan aikin ba su wuce waya da ƙarafa ba. Aibinsu shi ne sukan soki fata daga baya, har a sake ɗan aiki a cire su, amma wannan ƙaramin abu ne. Ko da wani ɓangare ya niƙe, ƙa'idar yau ita ce a cire abin da ya niƙe kaɗai, a bar duk guntun da za a iya bari. Cirewa gaba ɗaya ta zama mafita ta ƙarshe, ga ƙashin da ya zama gari, ko ya ruɓe, ko ciwon daji ya kama shi. Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala, wanda aka buɗe a 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, duka suna nan a Kano, tafiyar kimanin awa guda a mota daga Kadawa.

In haka ne, me ke kai mutum ga rasa ƙoƙonsa? Sau da yawa jinkiri ne. Karayar ƙoƙon gwiwa kimanin kashi ɗaya cikin ɗari ce ta dukkan karaya, kuma tana zuwa ne ta faɗuwa a kan gwiwa, ko gwiwa ta daki gaban mota, ko babur ya kayar da mutum. A lokacin kakar tumatir, wanda ya ga yadda babura da manyan motoci ke cakuɗuwa a Kwanar Gafan ba sai an yi masa bayani ba. Wanda ya ji rauni sai a kai shi wurin maɗori, domin shi ne kusa, shi aka sani, kuma ba ya neman kuɗi kafin ya taɓa mutum. Adalci shi ne a yarda cewa maɗora sun ɗora ƙasusuwa masu yawa sun warke, kuma tsagewar ƙoƙo da ba ta rabu ba tana iya haɗewa a hannunsu. Amma karayar da ta rabu daban take da ta dantse ko ta ƙwauri. Tsokar cinya tana jan guntun sama zuwa sama dare da rana, ruwan gaɓa kuma yana shiga tsakani. Babu karan ɗori ko tsumma da zai iya saukar da shi daga waje. Bayan wata biyu ko uku tsokar ta ƙanƙance, ratar ta kai faɗin yatsu, ƙashin ya yi laushi. A lokacin ne ake zuwa asibiti, likita kuma ya sami kansa da zaɓi kaɗan.

Wanda fatarsa ta fashe har ƙashi ya bayyana, nasa haɗarin ya fi. Ƙoƙon gwiwa dab da fata yake, ruwan magudana da taɓon gona da taki kuwa cike suke da ƙwayoyin cuta. Irin wannan rauni yana buƙatar wanki a ɗakin tiyata, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da allurar rigakafin tetanus, duk a ranar da abin ya faru. Cusa masa garin magani ko toka buɗe wa ruɓa ƙofa ne.

Akwai gwaji guda mai sauƙi da ya kamata kowane malamin kimiyya ya koya wa ɗalibansa, kowane ɗalibi kuma ya kai gida. A kwantar da mai rauni rigingine, a ce ya ɗaga ƙafar sama a miƙe ba tare da lanƙwasa gwiwa ba. In ya kasa, ko diddigensa ya ƙi barin ƙasa, to a ɗauka cewa igiyar da ke miƙar da ƙafa ta yanke a wani wuri, ko a ƙoƙo ko a jijiya, har sai hoto ya nuna akasin haka. Wani lokaci ma yatsa kan ji rami a tsakiyar ƙoƙon. Iya takawa ba hujja ba ce, domin mutum na iya jan ƙafa a sandare alhali ƙoƙonsa ya rabu biyu, kuma wannan shi ke yaudarar iyalai da yawa. Abin yi shi ne a ɗaure ƙafar a miƙe da katako, ba da tsanani ba, a nufi inda za a ɗauki hoton ƙashi.

Masu cewa a hana maɗora aiki ba su san karkara ba. Jama'a ba za su daina zuwa wurinsu ba, kuma ba dalilin da zai sa a mai da su abokan gaba. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne hukumomin lafiya na Kura da Bunkure da Garun Malam su zauna da su, a nuna musu wannan gwaji da hotunan karayar da ta rabu, a yi yarjejeniya cewa gwiwar da ta kasa ɗaguwa da raunin da ya buɗe ba nasu ba ne. Maɗorin da ya tura majinyaci ya dawo da ƙafarsa lafiya, sunansa ƙaruwa zai yi. Wajibi ne kuma kowane babban asibiti a yankin ya kasance da na'urar ɗaukar hoton ƙashi mai aiki, da mai sarrafa ta, da wutar da za ta kunna ta. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, da suka saba tara kuɗin yashe magudana, ba abin da zai hana su ware asusun kai mai rauni Kano.

Ko tiyatar ta yi kyau, rabin aiki aka yi. Tsokar cinya tana ramewa cikin 'yan makonni in ba a motsa ta ba, gwiwa kuma tana sandarewa. Karayar kan ɗauki kimanin wata uku kafin ta haɗe sosai, dawowar ƙarfi da cikakken tsuguno kuwa kan ɗauki fiye da haka, kuma sai da gashi da motsa jiki a ƙarƙashin kulawar masana. Wata uku a Kadawa kaka guda ce ta tumatir, daga dashe zuwa tsinka. Manomin da ba shi da mai tsaya masa zai koma gona da wuri ya tsinke wayar, ko kuma ya daina zuwa gashi saboda kuɗin mota. Don haka ya kamata likita ya zauna da iyalin tun kafin a sallami majinyaci, a san wanda zai karɓi ban ruwa, a koya wa wani ɗa ko ƙane motsin da za a riƙa yi a gida, a rubuta masa ranar da zai fara taka ƙafa da ranar da zai fara gwada tsuguno yana riƙe da sanda.